Jirgin da Ba Ya Jiran Ɗan'uwansa

Tun da na dawo na buɗe shago ban ɗinka riga ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Wanda ya zo gaisuwa sai ya yi addu'a, ya shafa, ya ɗan yi shirun ladabi, sannan ya gyara zama ya ce, to yaya jirgin? Da gaske akwai sanyi a ciki? Da gaske ana shiga bayan gida yana gudu? Ban ga laifinku ba. Duk Anka waɗanda suka taɓa hawa jirgin ƙasa ba za su cika benci ɗaya ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne da suka hau na Gusau tun yana da rai. Amma bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in taka kekena.

Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Yayana Lawali, ɗan farin Inna, ya daɗe yana sayar da albasa a Warri. Abokin sana'arsa Isiya ya kira ni ya ce ciwon hanta ya kwantar da shi a asibiti, likita ya daina faɗin magana mai daɗi, kuma abu ɗaya Lawali yake ta nanatawa: a kawo masa Inna.

Kun san yadda ɗan fari yake a wurinmu. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kuma ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "na Warri". In ya zo gida ya durƙusa yana gaishe ta, murhu take kallo tana amsawa. Ni kuwa auta, har yau da gemuna tana ɓoye mini ƙanzo. Shi ma Lawali bai taɓa roƙonta komai ba, ko ruwan sha. Shi ya sa da na ji saƙon na san abin ya kai inda ya kai.

Na hau mashin zuwa Bukkuyum, inda Inna take zaune wajen ƙanwarta tun da aka tashe mu daga Zugu. Na faɗa mata tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba. Can ta ce ita dama ta gaji da zama wuri ɗaya, in tafiya zan yi sai ta raka ni. Wato ni ake rakawa. Kafin washegari ta ɗaure kayanta, ta yi hoce cike da ƙwarya ta ƙulle a zane, ta ce guzurinmu ne. Duk gidan an san wanda ke son hoce, amma ba wanda ya tanka.

Maganar jirgi kuwa, Malam Kabiru ne ya kawo ta, wanda yanzu ya fi kowa tambayata ko kujerun suna da laushi. Isiya ya riga ya ce kada mu kuskura mu shiga motar dare, kuma gwiwoyin Inna ba za su jure kwana da wuni a naɗe ba. Malam Kabiru ya zaro waya ya nuna mini layi biyu, ɗaya a kan ɗaya: jirgin safe daga Kaduna zuwa Abuja, sai jirgin bayan azahar da ke gangarawa kudu har Warri. Ya ce abin a haɗe yake, ka sauka daga wannan ka hau wancan. Na yarda da shi saboda yana koyar da lissafi. Ban tuna cewa iyakar tafiyarsa Gusau ba.

Muka shiga motar Gummi, ta wani direba da ake kira Ɗan Asabe. A bakin Anka muka tarar da layin motoci, kowa ya kashe injin yana jiran sojoji su wuce gaba su duba hanya. Wannan jiran kun san shi, ba sai na ba ku labari ba. Rana ta ɗaga sosai kafin aka ce a tafi. Muka tafi kowa idonsa na kan daji, wata mata a baya tana ta jan salati ƙasa-ƙasa.

Ga abin da nake so ku riƙe. Da muka doshi Gusau, Ɗan Asabe ya ji inda za mu, ya ɗauki waya da hannu ɗaya ya kira direban Kaduna.

"Ina da mutum biyu naka, tsohuwa ta da ɗanta. Kak ka tashi sai mun iso."

Kuma bai tashi ba. Muka tarar da shi mota cike, fasinjoji na zaginsa, shi kuma ya jingina da ƙofa yana sakace kamar ba da shi ake ba. Kullum muna tsine wa direbobinmu, mu ce ba su san lokaci ba, ba su da tsari. Na janye rabin tsinuwata. Mutumin da bai gama firamare ba ya san motarsa ba ta da amfani in ta tashi ta bar wanda 'yar'uwarta ke ɗauke da shi.

Duk da haka sai bayan magariba muka shiga Kaduna, jirgin ƙarshe na ranar ya daɗe da tafiya. Wanda ya tsara lokacinsa bai san akwai mutanen da ba sa barin garinsu sai soja ya ce a tafi ba, ko kuwa ya sani bai dame shi ba. Muka sauka wajen wani ɗan Anka mai sayar da katifa a Rigasa. Ya karɓe mu hannu biyu, matarsa ta yi tuwon masara miyar kuka, sannan aka shimfiɗa mana tabarma, don katifun duk na sayarwa ne. Na gwada sayen tikitin jirgin kudu ta waya, abin ya yi ta juyawa ya ƙi. Mai katifa ya ce in kwantar da hankalina, ana sayarwa a taga a can.

Da asuba muna tasha. Gini ne na gani na faɗa, ban hana shi haƙƙinsa ba. Ana tura kaya cikin wata na'ura ta leƙa cikinsu, nan ta hango almakashina, wanda ban san ma yana jaka ba, don tela da almakashi sai mutuwa. Aka karɓe. Na ce yadi nake yankawa da shi, aka ce ai wuya ma yana yankuwa. Da na ce daga Zamfara nake don a tausaya mini, sai na ga na ƙara ɓata lamarin.

Jirgin bai tashi a kan lokacin da aka rubuta ba, kuma ba wanda ya ce mana don me. Da ya tashi, to, ga amsarku: akwai sanyi, har Inna ta lulluɓa da dardumar sallarta. Kujeru da laushi, Malam Kabiru. Ana shiga bayan gida yana gudu. Ana zagayawa da wani burodi mai nama a ciki, na saya wa Inna, ta gutsira ta ce an ɓata nama an ɓata burodi. A tsakiyar wani daji ya tsaya cik, ya daɗe, mutane suka fara leƙen taga irin leƙen da muke yi a hanyar Gusau. Sannan ya ci gaba, nan ma ba bayani.

Wata mata mai ƙiba da ke gefenmu ta ji Inna na magana, ta juyo ta ce, "Inna, ke mutunniyar Gummi ta ko Bukkuyum?" Na zaci 'yar gida ce. Ashe Kirista ce daga can kudu, ta yi shekaru tana koyarwa a wata firamare a Gummi, sai da hanya ta lalace ta kwashe 'ya'yanta ta koma. Ta ce a kira ta Maman Efe. Ta yi ta tambayar mutane da sunansu, wane yana nan, wance ta aurar da ɗiyarta, rabin waɗanda ta ambata kuwa sai dai mu ce Allah ya jiƙansu.

Ta tambayi Inna wurin wa za mu. Inna ta ce wani mara lafiya ne na gidanmu. Na sunkuya na raɗa wa matar gaskiya. Ta gane nan take, don ta zauna da mu ta san halinmu. Ta yi dariya ta ce su a wajensu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, Efe ɗin nan shi ne nata na farko. Inna ta rufe baki da gefen mayafi, ta tambaye ta ko da gaske kullum ana kiranta da shi a gaban jama'a, kuma tana amsawa. Ta ce har a coci. Inna ta girgiza kai ta ce kowa da irin tasa.

Maman Efe ce ta fasa mini ƙwan. Ta ce babu wani jirgin kudu da ke jira a Abuja. Tashar da yake tasowa tana can gaba da Lakwaja, tafiyar sa'o'i a mota, kuma sau ɗaya yake tashi a rana. Layi biyun da Malam Kabiru ya nuna mini manne da juna, akwai jiha guda a tsakaninsu. Ta ce in jirginmu ya isa a kan kari, aka samu mota nan da nan, hanya kuma ta yi kyau, ana samunsa da ƙyar. In ɗaya ya kuskure, sai gobe. Na ce to ba za a kira su a ce jirgin Kaduna ya makara, akwai mutanensu a ciki ba? Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaro mai kirki. Ta ce gida ɗaya ne ke da jiragen biyu, amma ba sa gaisawa.

A tashar Abuja na ga ana gudu da akwatuna, na gane ba mu kaɗai ba ne. Kullum haka ake yi, mutane da yawa, kuma ba motar da aka tanada don ta kwashe su daga wannan jirgi zuwa wancan. Kowa tasa ta fisshe shi. Maman Efe ta riƙe hannun Inna, ni na ɗauki kaya, muka samu wata ƙaramar mota. Direban ya ce sai ta cika. Wannan ɗabi'ar kam ta gida ce, ita kaɗai ce ta biyo mu. Muka haɗa hannu da matar muka biya kujerun da ba kowa, ya tashi yana ƙunƙuni.

Ba mu ƙetare iyakar ƙasa ba, amma an nuna mana akwai iyaka. Kafin gadar kogin Kwara wasu masu kaki suka tsayar da mu. Aka tambayi kowa inda ya fito, aka wuce kowa, aka tsaya a kaina. Aka sauke kayanmu a bakin titi. Ɗaya ya kwance ƙullin Inna, ya ɗauki hoce ɗaya ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi a jikin mota, ya tambayi ko mene ne. Maman Efe ta ce abinci ne, ya ce in ci ya gani. Na ci. Inna ta karɓi ƙwaryar ta sake ƙullewa a hankali, ba ta dubi kowa ba. A kan gada ta leƙa ruwan ta ce ashe Gulbin Zamfara ɗan yaye ne. Ita ke nan maganar da ta yi har muka isa.

Tun daga nesa muka hango jirgin tsaye, dogo, yana huci. Wallahi na ji daɗi har na yi hamdala a fili. Muka sauka da gudu, gudun da tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya. Tagar tikiti a rufe. A bakin ƙofar shiga mutane sun taru, kowa na roƙo, wani dogon ma'aikaci mai furfura ya riƙe ƙofar da hannu ɗaya yana barin masu tikiti kawai.

Maman Efe tana da nata. Maimakon ta shige sai ta tsaya ta kama yi masa magana da Turancinsu, da ƙarfi, tana nuna Inna. Na tsinci abin da take cewa: tsohuwar nan daga Zamfara take, ɗanta na bakin mutuwa a Warri, a bar su su shiga su biya a ciki. Mutumin ba mugu ba ne, ina so a rubuta wannan. Na ga ya sassauta fuska. Ya ce kullum sai wani ya kashe uwarsa ko ɗansa da ƙarya a bakin ƙofar nan don ya samu shiga, amma bari ya ji daga bakinta. Ya ɗan iya Hausa. Ya sunkuyo, jama'a suka zuba ido.

"Mama, gaskiya ne? Yaronki ne?"

Na ga Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na san abin da ke zuwa, na buɗe baki, ta riga ni.

"A'a," in ji ta. "Ɗan mutane na. Dubiya za mu."

Mutumin ya miƙe. Ya dubi Maman Efe, ya dube ni, kallon wanda aka so a yi wa wayo. Na ce ɗanta ne, na rantse, na ce al'ada ce, uwa ba ta amsa ɗan fari. Maman Efe ma ta shiga yi masa bayani. Ina za a fahimtar da baƙo abin da aka gada tun kaka da kakanni, jirgi na busa ƙaho? Ya ce uwa dai ba ta musun ɗanta, a ko'ina cikin duniya. Ya tura Maman Efe ciki, ya ja ƙofa ya sa sakata. Ta juyo tana kuka tana kiran Inna ta cikin ƙarafunan, har wani ya ja ta.

Muna tsaye ya tafi. Ba gudu yake yi ba ma, a hankali ya ja jiki.

Na ji haushin Inna, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin da ban taɓa ji ba, har na kasa dubanta. Amma da na zauna a kan jakata na lissafa, sai na ga ita ce ta ƙarshe a layin masu laifi. Da jirgin safe ya tashi a kan lokacinsa, da bai tsaya a daji ba, da akwai mota tana jira, da wani ya ɗaga waya kamar Ɗan Asabe, da ba wanda zai tsayar da tsohuwa a gaban taro ya ce ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Da ta shiga da kunyarta, ta isa da ita, ta sauke ta inda ta yi niyya.

Na nemi mota. Direbobin da suka rage suka ce la'asar ta yi, wanda ya kama hanyar nan yanzu dare zai yi masa a inda ba a so, balle da fasinja irinmu. Wani mai shayi ɗan Talatar Mafara da ke bakin tasha ya ce in rufa wa kaina asiri in kwana. Ya kai Inna ɗakin matarsa, wata Igbira mai fara'a, ta kawo mana wani alale naɗe a ganye. Ni na kwana a rumfarsa.

Kafin magariba na kira Isiya na faɗa masa. Ya ce bari ya kara wa Lawali wayar a kunne. Na miƙa wa Inna. Matar gida na nan, maƙwabta biyu sun shigo ganin baƙi. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna, kun taho?"

"Mun taho."

"To."

Ta ce Allah shi sawwaƙe, ta miƙo mini wayar. Da matan suka fita na ce mata, Inna, ga shi ba kowa, in sake kira? Ta ce a'a, maganar da ke gare ta ba ta waya ba ce, gobe in sun zamo su biyu za ta faɗa masa.

Da hantsi Isiya ya kira. Ina tsaye a bakin taga, na zo tun ba a buɗe ba, tikiti biyu na hannuna. Ya ce Lawali ya cika bayan fitowar rana, 'yan'uwa na zango sun riga sun yi masa wanka, ba za a iya ajiye shi har dare ba. Na ce su kai shi. Me zan ce?

Na same ta zaune a kan tabarma a bayan rumfar mai shayi. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi salati, ba hawaye. Na ce sai mu juya gida. Ta ce a'a, tun da an sayi tikiti a tafi, akwai matarsa da 'ya'yansa. Ta tashi da kanta ta ɗauki ƙullinta, ta riga ni yin gaba.

Mun isa ƙofar tun jirgin bai ma iso daga kudu ba. Ba taro, ba turereniya. Mutumin jiya ne dai. Ya gane mu, ya karɓi tikitin yana ɗan murmushi, irin na wanda ya kama ka jiya amma ya yafe. Ya tambaya da Hausarsa, yaya mai jiki, ɗan mutane?

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji baƙo ba, ta yi magana yadda na bayanmu ma suka ji.

"Ɗana na. Ɗan hwari. Sunanshi Lawali. Ya rasu da sahe."

Mutumin ya tsaya da tikitin a hannu. Ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta. Sannan ya buɗe mana ƙofar gaba ɗaya, duka ɓangarorin biyu, ya ce Mama ta taka a hankali, kada ta yi sauri, akwai lokaci da yawa.